Kwana Uku a Birnin Rum: Yadda Ake Zagaya Kufai da Coci-coci da Dandaloli Ba Tare da An Galabaita Ba

Tun da na dawo daga Italiya tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: daga ina ake farawa, kuma nawa mutum zai tanada? Wani taro ya kai shi hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke da hedikwata a Rum, wani karatu, wasu 'yan'uwa Kiristoci kuma ziyarar ibada. Kowa sai ya samu rarar kwana biyu ko uku a hannunsa, ya rasa yadda zai yi da su. Rum gari ne da ba ya son "in mun je ma gani". Wanda ya tsara lokacinsa zai ga ninki biyun abin da wanda ya fi shi kuɗi ya gani. Ƙa'idar da na bi ita ce: safiya ta kufai, tsakar rana ta inuwa, yamma ta dandali. Sunayen wurare na bar su kamar yadda za ka gan su a allunan titi, don kada ka sha wahalar nema. Farashin kuma na lokacin da na je ne, ka sake dubawa kafin ka biya.

1. Takardu da lokacin tafiya

Bizar Shengen ake nema, kuɗinta Yuro 90 ga babba, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, da takardar banki. Ana iya shigar da buƙata tun saura wata 6 a tafi, don haka kada ka bari sai ya rage mako biyu.

Afirilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, su ne lokacin daɗi. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne, zafin Turai bai isa ya yi maka komai ba. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, kuma a gida ba ka yini kana tafiya a ƙasa a kan dutse ba inuwa.

2. Ka sayi tikiti tun kana gida

A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Wurare biyu ne ba a zuwar musu haka kawai: Colosseo, wato tsohon filin da mayaƙan Rumawa ke fafatawa a gaban 'yan kallo, da gidajen tarihin Batikan.

Tikitin Colosseo Yuro 18 ne, kuma shi ɗin ne zai shigar da kai Foro Romano, kufan dandalin tsakiyar tsohon birnin, da tudun Palatino mai kufan fadojin sarakuna cikin awa 24. Akwai na Yuro 24 da ke kai ka har cikin filin daga da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye mayaƙa da namun daji. Wannan yana ƙarewa da wuri ƙwarai. Ana buɗe sayarwa kwana 30 kafin ranar, a shafin colosseo.it. Ka zaɓi lokacin farko, 8:30 ko 9:00 na safe.

Gargaɗi: tun 2023 tikitin na ɗauke da sunan mai shi, kuma a ƙofa ana gwada shi da fasfo. Ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. In fasfonka ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad don haka ka saba.

Na gidajen tarihin Batikan Yuro 20 ne, da ƙarin 5 na kama lokaci, a museivaticani.va. Yuro biyar ɗin nan ita ce mafi albarkar kuɗin da za ka kashe a tafiyar, domin layin waɗanda ba su kama lokaci ba yakan nannaɗe jikin ganuwa har ka daina hango ƙarshensa.

Gargaɗi na biyu: in ka nemi tikiti a intanet, shafukan da ke fara fitowa a sama galibi na 'yan kamasho ne, masu sayar da tikitin 18 a 40 ko 50. Ka duba adireshin shafin da kyau kafin ka saka lambar katinka. Haka nan ranakun kyauta, wato Lahadin farkon wata a Colosseo da Lahadin ƙarshen wata a Batikan, ban ba ka shawara ba. Abin da ka tsira da shi na kuɗi za ka biya da tsayuwa.

3. Shiga gari da masauki

Daga filin jirgin sama na Fiumicino, jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express na kai ka tashar Termini cikin minti 32 a kan Yuro 14. In kun kai uku ko huɗu da kaya, tasi ta fi: farashinta zuwa tsakiyar gari a yanke yake, Yuro 55. Farar mota ce mai alamar tasi a sama, a layinta take. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa "tasi, tasi", ka wuce shi.

Ka nemi masauki tsakanin Termini da unguwar Monti ko Esquilino. Ba nan ne mafi kyawun gani a Rum ba, amma layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na A da B a Termini suka haɗu, abincin halal na kusa, kuma Colosseo tafiyar minti 20 ce a ƙasa. Ka sani otal zai karɓi harajin baƙi daban, daga Yuro 4 zuwa 10 kowane dare ga kowane mutum, gwargwadon darajar otal ɗin. Ba cuta ba ce, doka ce.

Tikitin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne, Yuro 1.50, yana aiki minti 100. Ana sayen sa a tasha ko a shagunan taba masu babban harafin T a ƙofa. Da ka hau bas ka zura shi cikin na'ura ta buga masa lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, kuma masu bincike ba sa jin "ni baƙo ne". Tara ta haura Yuro 50.

4. Abin da za ka fita da shi

Takalmi ya fi komai. Titunan tsohon gari an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu da suke kira sampietrini, kuma za ka yi tafiyar kilomita 10 ko fiye a rana. Ni sabon takalmin fata na saka a rana ta farko don hoto ya yi kyau. Kafin la'asar ina ɗingishi ina neman kantin magani. Ka saka tsohon kambas ɗin da ƙafarka ta saba da shi.

Sai gorar roba. Kada ka sayi ruwa a wurin 'yan talla. Akwai famfunan ƙarfe sama da 2,000 a garin, ana ce musu nasoni, ruwansu na zuba dare da rana, da sanyi, kuma na sha ne. Na durƙusa ina tara hannu kamar mai alwala, wani dattijo ya taɓa kafaɗata, ya toshe bakin famfon da yatsa, sai ga ruwa ya yi tsiri ta wata 'yar huda a sama, daidai bakin mutum. Haka ake sha.

Ka riƙe fasfonka, a aljihun ciki ko jakar da ke rataye a ƙirji. Babbar jakar goyo da kwalba ba sa shiga Colosseo, kuma babu wurin ajiya. Ka taho da adafta, domin filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu. Lambar gaggawa 112.

5. Rana ta farko: kufai

Ka sauka a tashar Colosseo ta layin B. Da ka fito, ginin na gabanka, ba sai an nuna maka ba. Ka isa minti 20 kafin lokacinka saboda binciken tsaro. In ka makara suna iya mayar da kai.

A ciki ka fara hawa bene, ka zagaya sama, sannan ka sauko. Daga sama ne za ka fahimci yadda mutum kusan 50,000 ke zama a wurin da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, kuma daga nan ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ke bayyana kamar saƙar zuma. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. Kada ka zauna har ƙarfinka ya ƙare, babban aikin na gaba.

Gargaɗi: a harabar waje akwai masu shigar sojan Rumawa da ke kiran ka hoto, sai an ɗauka su faɗi kuɗi. Akwai kuma masu awarwaron zare. Wani ya tare ni da fara'a, "Afirka! Najeriya?", ya miƙo hannu mu gaisa, kafin in ankara ya ɗaura mini zare a wuyan hannu yana cewa kyauta ce ta 'yan'uwantaka. Bayan taku uku kyautar ta koma Yuro 10. Mu da gaisuwa ke da nauyi a wurinmu muna saurin faɗawa. Ka amsa da baki, hannunka na aljihu.

Daga nan ka wuce ƙofar nasara ta Kwanstantin, ka bi Via di San Gregorio ka shiga ta ƙofar Palatino. Layinta ya fi gajarta, kuma dabarar ita ce ka hau tudu tun kana da ƙarfi, ka gangaro cikin Foro daga baya. A saman tudun akwai barandar da ke kallon Foro gaba ɗaya. Ka tsaya a nan minti goma da taswira a hannu kana gane wurare, domin da zarar ka sauka komai zai zame maka tarin duwatsu da karyayyun ginshiƙai.

A ƙasa abubuwa huɗu sun ishe ka: ƙofar Titus, hanyar Via Sacra, wurin da aka ƙona gawar Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin Miladiyya, inda har yau za ka tarar da furanni a kan tudun ƙasa, sai ƙofar Septimius Severus ta shekara ta 203. Wannan sarkin a Leptis Magna aka haife shi, cikin Libiya ta yau, wato ɗan nahiyarmu ne ya mulki Rum. Shiga Foro da Palatino sau ɗaya ne a tikiti. In ka fita don cin abinci, ka fita ke nan. Inuwa kaɗan ce, saboda haka ka gama kafin ƙarfe ɗaya.

Ka koma masauki ka yi salla ka miƙe ƙafa. Da la'asar ka je cocin San Clemente, kusa da Colosseo. Mutane da yawa ba sa zuwa, ni kuwa ya fi burge ni a kan wasu manyan. Cocin ƙarni na 12 ne a kan cocin ƙarni na 4, shi ma a kan gine-ginen Rumawan farko. Kana sauka matakala kana jin ƙarar ruwa na gudu a ƙarƙashi. Saukar Yuro 10 ce. Magariba ta same ka a dandalin Campidoglio: ka zagaya bayan ginin majalisar gari, za ka ga Foro da fitilu, kyauta.

6. Rana ta biyu: Batikan

Kada ka sa wannan rana a Laraba, domin da safe Fafaroma na ganawa da jama'a kuma cocin San Pietro kan kasance a rufe har wajen azahar. Lahadi kuma gidajen tarihi a rufe suke, in ban da ta ƙarshen wata.

Layin A, tashar Ottaviano. Ana buɗe San Pietro ƙarfe 7:00, shiga kyauta ne. In ka isa 7:30 za ka wuce bincike cikin 'yan mintoci. Ƙarfe goma layin ya zagaye dandali.

Gargaɗin sutura: dole a rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata. Kaftani da abaya da hijabi duk sun wadatar, ba mai ce miki komai. Maza dai su san cewa al'adar coci ita ce a cire hula, har zanna-bukar ɗinka. In ana addu'a a wani sashe, ka rage murya ka ajiye waya, kamar yadda za ka so baƙo ya yi a masallacin unguwarku.

Da shigarka, ta hannun dama bayan gilashi, akwai Pietà, sassaƙen Maryamu riƙe da gawar Yesu, aikin Michelangelo. In za ka hau ƙubba, yi shi da wuri. Matakala 551 ce. Lifta na rage maka ita zuwa 320, kuma na ƙarshen matsattsu ne, bango na karkatowa kanka. Mai ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko mai jin tsoron matsi, ya haƙura.

Ka sa tikitin gidajen tarihi wajen ƙarfe 11:00. Ƙofarsu na can bayan ganuwa, tafiyar minti 15 daga dandali. Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a kowane ɗaki. Ka zaɓi zauren taswirori, ɗakunan Raffaello, sannan Cappella Sistina, inda ake zaɓen Fafaroma. A cikinta ba hoto, ba surutu, masu gadi ba sa wasa.

Da yamma ka gangara bakin kogin Tevere zuwa Castel Sant'Angelo. A wannan gidan aka tsare matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, bayan 'yan fashin teku sun kama shi, kuma a Rum ya kammala littafinsa a kan Afirka a 1526 inda ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Na daɗe a kan gadar ina tunanin cewa shekara 500 da suka wuce wani ya zauna a garin nan yana rubuta sunayen garuruwanmu.

7. Rana ta uku: dandaloli da ƙananan coci

Wannan rana ba ta buƙatar mota ko kaɗan, jeri kawai take so. Ka fara da maɓuɓɓugar Trevi ƙarfe bakwai na safe, kafin jama'a su cika ta. Tun 2026 ana biyan Yuro 2 kafin a sauka bakin ruwan. Kallo daga sama kyauta ne. Tsabar da ake jefawa ana kwashe ta a ba ƙungiyar agaji ta Caritas. Kada ka tsoma ƙafa, kada ka ɗauki ko kwabo.

Minti goma a ƙasa sai Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa, Yuro 5. Faɗin ƙubbarsa mita 43 ne, da buɗaɗɗiyar kafa ta kusan mita 9 a tsakiya; in ana ruwa ciki yake zuba, ya tsiyaye ta ƙananan hudojin daɓe. Coci ne, don haka dokar sutura na aiki.

Daga nan San Luigi dei Francesi, don zanen Caravaggio guda uku da ke lungun hagu na ƙarshe. Ka riƙe tsaba, ana jefawa a akwati fitila ta kama. Gargaɗi: ƙananan coci da yawa na rufewa daga wajen 12:30 zuwa uku ko huɗu na yamma. Haka na yi tattaki zuwa San Pietro in Vincoli don ganin sassaƙen Annabi Musa ƙarfe ɗaya na rana, na tarar da ƙofa a garƙame.

Piazza Navona na nan kusa. Siffarta doguwa ce saboda a kan filin wasannin sarki Domitian aka gina ta. A maɓuɓɓugar tsakiya, aikin Bernini na 1651, mutum huɗu na wakiltar koguna huɗu. Wanda ya lulluɓe kansa da mayafi shi ne Nilu, domin a lokacin Turawa ba su san mafarinsa ba. Ka kalla, amma kada ka ci abinci a nan. Kofin da za ka sha a tsaye a kanta a kan Yuro ɗaya da 'yan kai, in ka zauna a teburin dandali zai ninka sau uku ko huɗu.

Da la'asar sai Piazza di Spagna. An hana zama a kan matakalar tun 2019, tara na farawa daga Yuro 250, kuma 'yan sanda na hura usur. Ka ƙarasa Piazza del Popolo mai dogon dutsen da aka ɗauko daga Masar, ka hau tudun Pincio ka ga faɗuwar rana. In ƙafa ta gaza za ka so hawa bas: lamba 64 da 40, masu zirga-zirga tsakanin Termini da wajen Batikan, sun yi suna wajen 'yan sane. Jaka a gaba, waya a hannu ko aljihun ciki.

8. Abinci da salla

Ka haddace kalmomin nan, duk alade ne: maiale, guanciale, pancetta, prosciutto, salame, da strutto wanda kitse ne. Shahararrun taliyar Rum, carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yin su. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai, fiza margherita kuma tumatir da cuku. Ka ce "senza maiale, senza alcol", wato ban da alade, ban da giya, kuma ka tambaya kafin ka ci tiramisu. Kewayen Piazza Vittorio da kasuwar Esquilino akwai mahauta da gidajen abincin halal, har da kayan miyar Afirka.

Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari. Ana hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio, bayan Piazza del Popolo, a sauka a Campi Sportivi. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakinka, ka mai da ita rana ta uku, tunda hanya ɗaya ce. Sauran ranaku akwai ƙananan masallatai a kewayen Termini, shi ya sa komawa masauki da azahar ke maganin abu biyu.

9. Lissafi

Colosseo 18, Batikan 25, San Clemente 10, Pantheon 5, Trevi 2: Yuro 60. Jirgin filin jirgi zuwa da dawowa 28, tikitin bas shida 9. Ya kama 97, ka ce 100, ban da hawan ƙubba da abinci da masauki. Kati na aiki kusan ko'ina, amma ka gwada naka tun kana gida ka tabbatar bankinka ya buɗe shi ga ƙasashen waje, kuma ka riƙe Yuro 50 a ƙananan takardu da tsaba, saboda bayan gida na tasha ma da kuɗi ake shiga. Canji ka yi shi kafin ka taso. Na filin jirgi da na kusa da Trevi tsadarsu ta yi yawa.

Ranar komawa ka bar Termini aƙalla awa huɗu kafin tashin jirginka. Tashar babba ce, ka duba allo ka ga lambar dandamalin Leonardo Express, ka ware minti goma na jan akwati kafin ka kai gare shi.